Cajar batirin lithium ta haɗin gida: akwai riba a cikinta?

Wani ƙanenmu mai gyaran salula a kasuwar Dole, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Yana ciro ƙwayoyin lithium daga matattun batiran kwamfuta, ya jera su uku-uku, ya sayar wa masu fanka da fitilar sola. Yanzu ya tara jika 150, wato sefa dubu 150, yana so ya riƙa ƙera cajar da ke daidaita ƙwayoyin yana sayarwa. Shin za ta fitar da shi?

Ƙanena, ka ƙera guda ɗaya don teburin aikinka. Ta sayarwa kuwa, kada ka sa jarinka a ciki.

Ka san ƙwayar 18650, wato irin wadda kake cirowa daga batiran kwamfuta, cikarta volt 4.2 ne, uku a jere 12.6 ke nan. Caja ta gama-gari jimillar kawai take gani. Ɗaya na iya kai 4.4, biyun suna 4.1, lissafi ya cika, caja ta ce lafiya lau, alhali waccan ɗayar ta sha fiye da cikinta. Caja mai daidaitawa tana da siririyar waya zuwa kowace mahaɗa, duk ƙwayar da ta riga cika sai ta rage mata wuta har sauran su iso. Kuskuren da ake yarda da shi a nan ƙanƙane ne ƙwarai, kuma lithium in ya kama wuta ba ya jin lallashi. Ga zafinmu na watan Afrilu da Mayu, inda ake wuce digiri 40 a inuwa, alhali ba a son a yi cajin irin wannan batir sama da 45. Ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana ya isa.

Wasu yara suna ɗauko ƴan allunan cajin ƙwaya ɗaya da ake kira TP4056 guda uku, su liƙa kowanne a ƙwaya ɗaya, su ba su wuta daga tushe ɗaya. Ana jonawa sai hayaƙi, don layin negatif (-) na allunan a haɗe yake. Sai kowanne ya samu tasa cajar daban. To ka lissafa: caja uku, alluna uku, akwati, wayoyi, dalma, da wunin da ka ɓata. Ka kwatanta da kuɗin caja irin iMAX B6 wadda masana'anta ke fitarwa dubbai. Ba za ka iya karya musu farashi ba. Sannan wa zai saya? Mai shayin da ke son fitilarsa ta kai shi asuba ba zai zauna yana jona wayoyi huɗu ba. In kuma cajarka ta ƙona ɗakin wani, shagonka za a zo, kuma labari ba ya kwana a Dole.

Kuɗin yana cikin batirin da ka riga ka iya haɗawa. Kowane ɗauri ka sa masa allon BMS mai daidaitawa, wanda ke yanke wuta in caji ya wuce ko ya yi ƙasa. Ka sayi na'urar auna ƙarfin ƙwaya, ka rubuta sakamakon da alƙalami a jikin kowacce, ka haɗa masu ƙarfi ɗaya wuri ɗaya. Wadda ka tarar ƙasa da volt 2, ko ta yi zafi a caji, ko cajinta ya zube bayan mako guda a ajiye, ka fitar da ita ko da tana ƙyalli. Asarar waɗannan ka sa ta cikin farashi tun farko, nan ne yawancin masu wannan sana'a ke cin uwar kuɗi ba su sani ba.

Kayan auna da allunan BMS kada su ci fiye da rabin jikkunanka. In daga Kano za a kawo maka, ka tambayi canjin naira da sefa ranar da za ka biya, kada ka dogara da na makon jiya. Babban batir sai mai shi ya ba da kafin alƙalami. Ka rubuta ranar sayarwa a jikinsa, ka ba da lamunin wata uku, da sharaɗin duk wanda ya ɓalle murfin ya fita daga wuyanka.