Filin Gareji: An cire min tamostat a 911, in mayar ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, sannu da ƙoƙari. Ni direba ne, ina jan wata tsohuwar Marsandi 911 ta maigidana, muna lodin hatsi a Dawanau mu kai Jos, wani lokaci mu gangara har Lafiya mu dawo da doya. Bara motar ta fara obahitin sai makanikinmu ya cire tamostat ya yar, ya ce wai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan zafin da Allah ya ba mu ya ishe mu. To yanzu in hunturu ya shigo allurar gejin zafin inji bata tashi sai na yi tafiya mai nisa, ga farin hayaƙi da safe, ga shan gas ya ƙaru, amma kuma abin mamaki in na kama Hawan Kibo da kaya sai ruwa ya tafasa. Na sayo sabo a Ƙofar Ruwa makanikin ya ce shi ba zai sa ba. Zan iya sawa da kaina? Daga mai karatunku a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Amsar a taƙaice ita ce eh ka mayar, kuma zaka iya da kanka in kana da sifana da natsuwa, ba wani aiki bane mai wuya. Amma bari in ɗan tsaya akan maganar makanikin naka don wannan magana ta cika garejojinmu kuma tsakani da Allah tana kashe injuna da yawa ba tare da masu su sun sani ba.

Tamostat ba don sanyin Turai aka yi shi ba. Injin gas yana da zafin da yake so ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90 da wani abu, a nan ne ƙarfen fistin da ringi suke buɗewa su cika silinda daidai, gas ya ƙone tas. A cikin tamostat akwai wani ɗan kwanso na tagulla mai wani kaki irin na masana'anta, in ruwa ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura ya tura wani tsinke sai bawul ya buɗe ruwa ya wuce lagireto, in ya huce sifirin ya mayar da shi ya rufe. Shikenan aikinsa, ba waya ba lantarki. To ko Kano ce a watan Afrilu zafin gari bai fi arba'in da 'yan kai ba, ina 40 ina 85? Kaga kenan rana bata isa ta yi wa inji abin da tamostat yake yi masa ba, balle asubar Jos a Disamba.

Farin hayaƙin da kake gani da safe gas ne da bai ƙone ba. Wani yana fita ta salansa, wani kuma yana gangarawa ta jikin silinda ya wanke baƙin man da ke wurin ya sauka cikin kwanon mai ya tsinka shi, ga kuma tururin ruwa da yake taruwa a ciki don man bai yi zafin da zai kore shi ba. A hankali ringi ya cinye, silinda ta yi faɗi, wata rana a ce maka inji ya gaji sai an sauke. Ba wanda zai tuna da ɗan ƙarfen da aka jefar a bayan gareji.

Sai kuma abin da ya ɗaure maka kai, wato mota ba tamostat amma tana tafasa a hawa. Nan ne ma nafi so ka gane. A yawancin injinan Marsandi da sauran manyan motocin Turai tamostat ɗin ƙofa biyu yake tsarewa ba ɗaya ba. Duba wanda ka sayo, in kaga wani faifai a ƙasansa bayan babban bawul na sama to wannan faifan aikinsa ya toshe wata gajeriyar hanya da take mayar da ruwa kai tsaye zuwa wotafom, wato famfon da yake zagaya da ruwa cikin inji, ba tare da ya je lagireto ba. Inji yana sanyi hanyar a buɗe take ruwa ya yi ta zagaye a ciki ya ɗumama da wuri, in ya yi zafi faifan ya sauka ya rufe ta dole duk ruwan ya bi lagireto. Yanzu da aka cire shi gaba ɗaya hanyar a buɗe take dare da rana, shi kuwa ruwa inda yafi sauƙi nan yake bi, sai wani kaso mai yawa ya riƙa komawa inji da zafinsa bai ga iskar fanka ba. A kwance ba kaya ba zaka lura ba, amma a Hawan Kibo da doya maƙil kana giya ta ƙasa dole ta nuna maka.

Ban ce mayar da tamostat kaɗai zai gama maganin obahitin ɗinka ba fa. Tun farko akwai abin da yasa ta fara zafi bara. Wataƙila tsohon ne ya maƙale a rufe, wannan yana faruwa kuma in haka ne canji ake yi ba cirewa ba, wataƙila kuma lagireto ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya da tsatsa, ko fanbel ya saki, ko murfin lagireto ya mutu baya riƙe furesha. Murfin nan mutane sun raina shi alhali shi yake hana ruwa tafasa a digiri 100. Ka duba su duka tunda dai za a buɗe.

Kafin ka taɓa mota fara gwada sabon, don jabu ya yi yawa a kasuwa kuma ko na Beljiyam ne baka san shekarunsa ba. A jikinsa akwai lamba a buge, zaka ga irin 71 ko 79 ko 83, wannan shi ne zafin da yake fara buɗewa. Ka ɗaura masa waya ka rataya shi cikin tukunyar ruwa kar ya taɓa gindin tukunya, ka hura wuta kana kallo. Kafin ruwa ya kai ga tafasa, lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa, zaka ga bakinsa ya fara rabuwa a hankali, in ya tafasa ya buɗe sosai kusan kaurin fensir. Ciro shi ka ajiye ya rufe da kansa ruf. In ya ƙi buɗewa ko ya huce ya bar kafa to mayar wa mai shago. Kuma ka kwafi lambar injin da ke jikin bulok ka je da ita, yawancin 911 injin OM352 ne mai silinda shida amma motocinmu an sha yi musu dashen inji, kar ka sayi kaya da sunan mota kawai.

Aikin kansa da safe ake yi inji ya kwana ya huce, don Allah kar ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan nan yana saɓule fata. Ka sa bokiti ka rage ruwa ta ƙasan lagireto har ya sauka ƙasa da inda zaka buɗe, ba sai ka zubar duka ba. Bi babban tiyon sama daga lagireto zuwa inji, inda ya ƙare nan gidan tamostat yake. Notinan tsohuwar mota sun ci tsatsa, ka jiƙa su da ɗan gas ko man birki ka basu lokaci, ka kwance a hankali kana yi kana mayarwa kaɗan, in ka yi ƙarfi ɗaya ya karye a ciki to aikin awa ɗaya ya koma na yini guda har da neman mai walda.

In murfin ya fita sai kankara. Tsohon gasket da gam da duk wani datti ka kankare su fes a fuska biyun, ka cusa tsumma a ramin kar tarkace ya faɗa ciki, kuma ka tuna ka cire tsumman. Leƙa ƙasan gidan ka ga bakin gajeriyar hanyar nan, shima ka goge shi da samfefa don faifan ya zauna daidai. Wajen sawa gefen sifirin da kwanson tagulla shi yake kallon inji, don shi ne zai ji zafin ruwa, in ka juya shi baibai ba zai buɗe akan lokaci ba kuma kafin ka fita daga gari ta tafasa. In akwai ɗan rami ko wani ɗan tsinke mai motsi a gefen babban bawul na sama, na fitar da iska ne, in tamostat ɗin a tsaye yake zama to ramin ya kalli sama. Sabon gasket ko roba zaka sa, gam kuma shafa kaɗan in ma ana buƙata, ba a lafta shi ba don rarar tana ɓallewa ta je ta toshe lagireto. Ɗaure notina bi da bi kaɗan kaɗan har su yi daidai, kar ka gama ɗaya sannan ka koma ɗaya, murfin yana tsagewa.

Ruwa kuma in da hali kulan, wato ruwan nan na musamman na lagireto, ka zuba ka haɗa da ruwa mai tsabta rabi da rabi. Na san tsada, lagireton babbar mota ba ƙaramin ciki gare shi ba, amma kulan shi yake hana tsatsa cin inji ta ciki, ruwan kududdufi da Omo da ake durawa a hanya su suke kai mutum wajen mai wankin lagireto duk shekara. Ka cika a hankali, ka tada mota murfi a buɗe, riƙe tiyon sama da hannu nesa da fanka, zaka ji shi da sanyi na ɗan lokaci sai can ya ɗau zafi lokaci ɗaya, to tamostat ya buɗe kenan. Ruwa zai faɗa ka ƙara, ka rufe, washegari da safe ka sake dubawa. Daga nan allura zata riƙa hawa tsakiya ta tsaya a nan, kar maigida ya tsorata ya ce ta fi da zafi, nan ne wurinta.

TAMBAYA: Oga ni daga Maraɗi nake, tipa ce dani. Mun sa sabon tamostat jiya amma allura sai ta haura sama sannan ta faɗo, ta sake haurawa. Yaron gareji ya ce mu huda shi da direla.

AMSA: Alhaji kar ku huda tukuna, wannan yafi kama da iska da ta maƙale a bayan tamostat, kwanson yana zaune cikin iska ba cikin ruwa ba shi yasa baya buɗewa sai ya makara. Ku ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga sama, in ta huce ku buɗe murfi ku tada ta kuna matsa tiyon sama da hannu har kumfa ya daina fitowa, in injin yana da notin fitar da iska ku sassauta shi har ruwa ya fito zalla. Ku tambayi yaron ma ina ya juya ɗan ramin iskar. Wasu manyan injuna tamostat biyu gare su a gida ɗaya, in naku haka ne ku tabbata duka biyun aka canza kuma lambarsu ɗaya. In kun yi duk wannan kumfa bai daina ba, yana ta tasowa muddin inji na aiki kuma tiyo yana yin tauri tun mota bata yi zafi ba, to ba tamostat bane, gasket ɗin tof silinda ne yake hura hayaƙi cikin ruwa, ku tsayar da ita kar ku ɗora mata yashi sai an buɗe an gani.