Muryar Matsuda Seiko ce ta lalace, ko tawa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai koyon waƙa ce, shekaruna 24. Na san Matsuda Seiko, mawaƙiyar Japan, ne ta hanyar bidiyon Hanni ta ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, NewJeans, lokacin da ta rera "Aoi Sangosho" a Tokyo Dome a 2024. Na nemo ta ainihi, muryar ta tafi da ni. Amma da na saurari waƙoƙinta na shekarun da suka biyo baya, sai na ji kamar ba mutum ɗaya ba ce. Wasu a intanet suna cewa muryarta ta mutu tun tuni, na'ura ce ke rufa mata asiri. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wata biyu ke nan ina ƙoƙarin kamo muryarta ta farko, yanzu tawa ta dishe, in na hau sama sai iska kawai ke fita. Ƙawata ta haɗa ni da wani mai sayar da haɗin "buɗe murya". In sha? Kuma waɗanne ne waƙoƙinta na gaske da ya kamata in koya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki sha, kuma ki ajiye waccan waƙar daga yau. Dishewar da ta kai wata biyu ta wuce a zauna ana jira. Ki je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da kyamara ya ga abin da ke ciki. Duk dishewar da ta haura mako uku zuwa huɗu ba tare da mura ba, can ne wurinta.

Kunnenki bai yi miki ƙarya ba, muryar ta canza. Sai dai ki duba lokacin da ta canza da kuma dalili. Seiko tana da shekara 18 ta fito da "Hadashi no Kisetsu" a Afrilun 1980. A Yuli ta saki "Aoi Sangosho", wadda ke buɗewa da wannan doguwar "aa" da ta jefa ki cikin wahala. A Oktoba "Kaze wa Aki-iro" ta hau na ɗaya a Oricon, jadawalin cinikin waƙoƙi na Japan, kuma daga nan ƙananan faya-fayanta 24 a jere suka yi ta zama na ɗaya har zuwa 1988. Duk wata uku sabuwar waƙa. Tsakanin Agustan 1980 da Oktoban 1981 ta fitar da manyan kundaye huɗu, ga fim, ga rediyo, ga shirye-shiryen talabijin irin su The Best Ten inda ake rerawa kai tsaye da makaɗa a baya. Babu maƙogwaron da zai ɗauki wannan kaya ya zauna yadda yake. Ki sa "Natsu no Tobira" ta farkon 1981, ki bi ta da "Kaze Tachinu" ta ƙarshen shekarar, za ki ji ƙarfen muryar ya ragu, wani ɗan kaushi mai taushi ya shigo.

Abin da mutanenta suka yi a lokacin shi ne nake so ki riƙe. Ba su matsa mata ta koma muryar 1980 ba, waƙoƙin suka ɗinka daidai da sabuwar muryar. A Janairun 1982 aka saki "Akai Sweet Pea", baitocin Matsumoto Takashi, karin kuma na Matsutoya Yumi wadda ta ɓoye a bayan sunan Kureta Karuho. Waƙa ce mai tafiya a hankali, ta fi zama a tsakiyar murya, kuma ita ce ta jawo mata mata masu sauraro, waɗanda a da suke ganin ta cika yanga. A 1983 "Sweet Memories" ta fito a bayan faifan "Glass no Ringo", wato ba ita aka sa a gaba ba. Da aka sa ta a wata tallar kamfanin Suntory mai zanen tsuntsayen fengwin, mutane suka yi ta tambayar wace ce wannan mai rera Turanci cikin natsuwa haka, har aka sake buga faifan da waƙoƙin biyu a matsayi ɗaya. "Ruri-iro no Chikyu" ta 1986 tana ɗauke da juna biyu ta rera ta, ba a ma fitar da ita a ƙaramin faifai a lokacin ba, amma yau ɗalibai na rera ta a tare a makarantun Japan. Sannan waƙarta da ta fi kowace ciniki, wadda ta haura kwafi miliyan ɗaya, ita ce "Anata ni Aitakute" ta 1996, tana da shekara 34, kuma da hannunta ta rubuta baitocin. To wace ce "ta gaske" a ciki? Dukkansu. In da muryar ta mutu a 1981, da duk waɗannan ba su wanzu ba.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ci karo da shi a aji. Mutane sun ɗauka murya wata aba ce da ke "rufewa" kamar kwalba, a zuba mata wani ruwa ta "buɗe". Wallahi babu wannan. Sautinki yana fitowa ne daga tantani biyu da ke cikin maƙwallato, tsawonsu bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, suna kaɗawa suna haɗuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Suna bakin hanyar iska ne. Abin da kika haɗiya kuwa ta hanyar abinci yake bi, ta baya. Zuma, citta, kanumfari, ɗanyen ƙwai, man zaitun, babu wanda ke taɓa tantanin nan. In da ya taɓa, da kin ƙware kin yi ta tari har hawaye. To ta ina haɗin mutumin nan zai kai inda ciwon yake? Ki tambaye shi haka kawai, ki ga inda zai ɓullo.

Zuma da citta ba su da laifi, suna sanyaya maƙoshi, ni ma ina sha. Tsorona abin da ba a faɗa miki an zuba ba. Akwai wata yarinya da na koyar, mai murya kamar sarewa, ta zo min da wata 'yar gora ba suna ba lamba, ruwan ciki ja-ja, tana murna wai in ta sha da yamma, da dare muryar ta dawo garau. Bayan wasu watanni fuskarta ta cika ta yi kumburi, muryar kuma ta tafi gaba ɗaya. Likita ya ce alamun maganin rage kumburi ne mai ƙarfi irin su dexamethasone, aka kuma samu kanta a tantanin biyu, irin wadda fartanya ke yi wa tafin hannu. Haka abin yake aiki: maganin ya kwantar da kumburin na ɗan lokaci, ke kuma ki ji daɗi ki koma kan ihun da ya jawo kumburin. Alewar da ke sa maƙoshi ya yi sanyi ya daina jin zafi ma haka take. Zafin nan shi ne mai gadin da ke ce miki tsaya, kin sallame shi kin ci gaba. Yarinyar nan kusan shekara ta yi ba ta rera komai ba, shi kuwa mai gorar yana nan yana ciniki.

Masu cewa na'ura ce ke rufa wa Seiko asiri su ma da wannan gurguwar fahimta suke magana, wai murya mai kyau ita ce wadda ta tsaya cak a shekara 18. An haife ta a Maris ɗin 1962, yau ta haura sittin. Muryar mace tana sauka da shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada, halitta ce ba ciwo ba. Mawaƙin da ya san kansa yana sauke tsohuwar waƙarsa ƙasa kaɗan, ko ya sake mata tsarin kiɗa, ko ya nemi salon da ya dace da shi, kamar yadda ta koma rera jaz a kundinta na 2017. Wanda zai ɗauko bidiyon 1980 ya jera da na jiya ya rubuta "ku ji yadda ta ƙare" bai taɓa tsayawa gaban makirufo na awa biyu ba. Kuma irin wannan surutu ne ke sa yara irinki su ɗauka cewa in ba su kai can ƙololuwa ba, ba su iya waƙa ba.

Kafin ki ga likita, ki rage magana, ki daina kakari da gyaran murya, kada kuma ki koma raɗa, don raɗa ma tana wahalar da tantanin. Ki yawaita shan ruwa, ki yi suracen ruwan zafi zalla ba tare da kin zuba komai ba, ki guji hayaƙi da ƙura. Ki tafi masa da sunan duk abin da kika riga kika sha.

In ya sallame ki, ki fara da "Akai Sweet Pea", ki sauke ta zuwa inda muryarki ke zama ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Ki tsaya gaban madubi ki duba: in haɓarki na ɗagawa sama ko kafaɗunki na hawa, kin yi sama da yawa. Bayan ta sai "Sweet Memories" don koyon riƙe numfashi, sai "Ruri-iro no Chikyu". "Aoi Sangosho" ki bar ta sai ƙarshe, minti goma a rana ya isa, kuma da malami a kusa da zai ce miki tsaya. Allah ya ba ki lafiya, ki rubuto min abin da likitan ya gani.