Makin Step 2 ya yi ƙasa, ga kuma burin fannin sa barci a Amurka

Wa alaikumus salam Dakta. Ka ce ka yi karatun likitanci a gida, ka ci Step 1, wato matakin farko na USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, ka samu 224 a mataki na biyu, Step 2 CK, kuma ranka na kan fannin sa barci na tiyata a Amurka, shin ka nemi gurbin horo ko ka haƙura. Ni ma ta wannan hanya na shigo, daga baya kuma na zauna cikin masu duba takardun masu nema, don haka ga abin da idona ya gani.

Makin nan ya riga ya zauna. Dokar USMLE ba ta barin wanda ya ci wani mataki ya sake rubuta shi don ƙarin maki. Kuma ba zan rufe ka ba, 224 ƙasa ne a wannan fanni. Tun da aka daina ba da maki a Step 1 a Janairun 2022, aka mayar da shi ci ko faɗuwa kawai, nauyin duk ya dawo kan Step 2, kuma ɗaliban Amurka da ke samun gurbin sa barci makinsu na kaiwa wajen 250 a tsaka-tsaki. Asibitoci da dama suna sa wa kwamfuta iyaka, wanda bai kai ba ko buɗe takardarsa ba a yi.

To amma me suke tsoro? Babu daraktan horo da yake ganin mai 224 ba zai iya saka bututun numfashi ba. Tsoronsa jarrabawa ce. A ƙarshen shekararka ta farko ta sa barci akwai jarrabawar BASIC ta ABA, hukumar da ke ba likitocin sa barci shaidar ƙwarewa, kowace shekara kuma akwai ta gwaji, sannan ACGME, hukumar da ke tantance shirye-shiryen horon likitoci, tana lura da yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙwarewa daga kowane asibiti. Idan yaransa suna faɗuwa, shi za a tuhuma. Saboda haka aikinka biyu ne: ka nuna masa cewa jarrabawa ba za ta kayar da kai ba, kuma ka samu mutum mai rai da zai sa a buɗe takardarka.

Na farko Step 3, matakin ƙarshe na USMLE, ne yake yinsa. Da zarar ka samu takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, kana iya rubuta shi tun kafin ka fara horo. Kwana biyu ake yi, kuma a cikin Amurka kaɗai ake rubutawa. Maki mai kyau a nan yana sauya yadda ake kallon 224 ɗinka, ga shi kuma sai da shi ake samun bizar aiki ta H-1B. Sai dai don Allah kada ka shiga da gaggawa. Faɗuwa a Step 3 a kan makin da dama ya yi ƙasa ta fi rashin rubutawa muni nesa ba kusa ba. In gwaje-gwajenka na gida ba su nuna ka shirya ba, ka ɗaga ranar.

Na biyun shi ne ya fi cin rai, kuma nan na ga mutanenmu suna sakaci. Fannin nan ƙarami ne, manyansa sun san juna. Na sha ganin takardar da kwamfuta ta ajiye gefe ta dawo kan tebur saboda wani babban likita ya ɗaga waya ya ce, wannan yaron na san aikinsa, ku duba shi. Irin wannan kira ba ya zuwa daga wanda ya gan ka sau ɗaya a taro. Ka nemi zaman kallo ko aikin bincike a sashen sa barci, wuri guda, ka daɗe. Ba za a bar ka ka taɓa majinyaci ba, amma za a ga ko ƙarfe shida na safe kana ɗakin tiyata lokacin da ake gwada injin da na'urar zuƙe majina, ko ka karanta tarihin majinyatan ranar tun daren jiya, ko ka san lokacin da ake yin shiru, wato sa'adda ake sa mutum barci da sa'adda ake tashinsa. Tambayarka ka riƙe ta sai komai ya lafa. Wasiƙar da ta ce "na gan shi yana kaza ranar kaza" ta fi wasiƙu uku na yabon gama-gari. In ka samu wani ɗan rubutu, ka kai shi taron ASA, ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, da ake yi duk Oktoba.

Kada kuma ka rena abin da ka yi a gida. Idan ka yi allurar baya ga mata masu haihuwa ta tiyata a asibitin da wuta ke ɗaukewa, ka rubuta shi, amma iya abin da za ka iya karewa in an titsiye ka a ganawa.

Sai zaɓen wuraren nema. A 'yan shekarun nan ERAS, shafin da ake tura takardun neman gurbi ta cikinsa, tana bai wa masu neman wannan fanni sigina 15, na zinare 5 da na azurfa 10, don ka nuna wa asibiti cewa da gaske kake son su. Ka duba adadin na shekararka, domin yana iya canzawa. Ga mai maki irin naka, waɗannan su ne jarinka, kada ka zuba su a asibitocin da kowa ya san sunansu. Ka shiga FREIDA da Residency Explorer, shafukan da ke tattara bayanan wuraren horo, sannan ka buɗe shafin kowane asibiti ka ga waɗanda suke horo a can yanzu. In babu ko ɗaya da ya yi karatu a wajen Amurka, ko ba sa ɗaukar mai biza, wuce. Siginarka ta zinare ta farko ta tafi inda ka yi zaman kallo.

Horon shekara huɗu ne. Gurbi mai alamar C ya haɗa duka, mai alamar A kuwa daga shekara ta biyu yake farawa, sai ka nemi shekarar share fage daban. Nemi duka biyun. Akwai kuma masu alamar R, na wanda ya riga ya yi shekarar farko, amma kaɗan ne. Wasu suna shiga share fagen tiyata da fatan su burge masu sa barci na asibitin. Na ga wanda hakan ta yi wa rana, na ga kuma wanda shekara ta ƙare ba gurbi, ga biza na neman ƙarewa.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ka nemi fannin cututtukan manya da ba na tiyata ba, wato Internal Medicine, a gefe, da wasiƙu daban da bayanin kai daban. In abin da ke jan ka shi ne majinyaci mai tsananin ciwo da injin numfashi, ta can ma ana isa sashen kulawa ta musamman. Kada ka dogara da SOAP, rabon guraben da suka rage da ake yi a watan Maris, guraben sa barci da ke ragewa ba su taka kara sun karya ba.

Maganar makin a bayanin kanka: in akwai dalili na gaskiya, rashin lafiya ko rasuwa, jimla biyu sun isa. In babu, bar shi, amma ka tanadi gajeriyar amsa don ganawa, wadda za ta ƙare da sakamakon Step 3.

Ka faɗa mana shekarar da ka gama makaranta da matsayin bizarka, domin wasu asibitocin suna da iyakar shekaru bayan kammalawa, kuma wannan zai iya sauya jerin wuraren da ya kamata ka nema. Allah Ya ba da sa'a.