Amsa: Mene ne "fino" a Sifaniyanci?

Malam, ka tambayi ma'anar "fino" da ka gani a takardar abinci a Sifen. To, giya ce, ka sani tun yanzu. Farar giyar inabi ce marar zaƙi da ake yi a yankin Jerez, a kudancin Sifen, daga inabin da ake kira Palomino. Ana ajiye ta a ganga, wani kumfan yis mai suna "flor" ya lulluɓe samanta ya hana iska shiga, shi ya sa take zama fara fes. Ƙarfinta ya kai kashi 15 cikin ɗari.

Amma asalin kalmar siffa ce: siriri, mai laushi, ko mai ladabi. "Arena fina" yashi ne mai laushi, "oído fino" kunne mai kaifin ji. Mutum ma ana ce masa fino in ya iya mu'amala.

Wadda ta fi rikita baƙo ita ce "manzanilla". A Sanlúcar, wani gari kusa da Jerez, 'yar'uwar fino ce, giya. A wasu wurare kuma shayin furanni ne da ake sha don ciwon ciki. In shayin kake so, ce "infusión de manzanilla".