Amsa ga ɗan'uwa a Kaduna kan tsohuwar hanyar Makka

Malam, ka tambaye ni dalilin da ya sa dattawanmu a Sudan suke kiran kansu matafiya alhali a nan aka haifi iyayensu, kuma ko tsohuwar hanyar Makka za ta yi kyau da yawon buɗe ido.

A wurinku maniyyaci yakan kwana a sansanin alhazai na Mando, ya hau jirgi, ya sauka a ranar. Kakanninmu kuwa shekaru suka yi a ƙasa ko bisa jaki, daga Kano zuwa Borno, su ratsa Wadai, su shiga Darfur ta Janaina, su wuce Fashir da Ubayyid, kafin su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango, a kama noma ko ɗinki ko koyar da karatun allo. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa suka tsaya ƙwadago domin tara kuɗin jirgin ruwa, tarin da bai kammala ba har aka ga jikoki.

Ba su taɓa warware niyyar ba, shi ya sa tsoho zai ce maka yana kan hanya, kuma da gaske yake yi. Shi ya sa kuma baƙon da ya ce Makka ya nufa ba a tambayarsa ranar tashi. Tabarma ake shimfiɗa masa a zaure, a kawo fura, mai masauki ya nema masa abin yi.

Batun yawon buɗe ido ban ƙi shi ba, amma a ganina lokacinsa bai yi ba, domin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe Darfur, ya kuma tarwatsa iyalai da yawa. Abin da ya fi gaggawa shi ne dattawan da har yau suke iya lissafa zangunan kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, har da unguwar da aka taso a Kano ko Zazzau. Idan kana da wanda ka sani a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ka isar musu cewa a turo masu naɗar bayanan waɗannan dattawa zuwa Gadarif da Kasala da zarar hanya ta samu.