Me ya sa mutanen da nake ɗaukar hotonsu suke fitowa a sandare?

Tambaya: Malam, bara na fara ɗaukar hoton fuska, amma duk wanda na ɗauka sai ya fito a sandare, fuska ba walwala. Ko sai na sayi babbar kyamara?

Amsa: Ƙanena, ka ajiye kuɗinka tukuna. Seydou Keïta, shahararren mai ɗaukar hoto na Bamako, kafinta ne da farko. A 1935 kawunsa ya ba shi ƙaramar kyamara Kodak Brownie, sai a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa, kuma yawanci da hasken rana yake aiki a tsakar gida. Abin da ke burge ni a aikinsa shi ne hannayen mutane. Yakan ba su fure, agogo ko rediyo, don hannun da ya sami abin riƙewa yakan kwantar da jiki gaba ɗaya.

Ka zaunar da mutum a inuwa kusa da taga, haske ya zo masa ta gefe, ka saita kyamara a kan idon da ya fi kusa da kai. Ka ja shi da hira, ka ɗauka lokacin da yake amsa maka. Hotunan bara kuwa kada ka goge su, ka riƙa kwatanta su da na bana.