Ka ce noma kawai, wane noman?

Kai yaro, tambayar nan da ka turo min, wai meye bambancin noma da aikin gona tunda duk abu ɗaya ne, wallahi fama min tsohon miki kawai ka yi. Wa ya ce maka abu ɗaya ne? Aikin gona shi ne babba, tun daga sassabe da kai taki da shuka har girbi da ɗaurin dami duk cikinsa suke. Amma in manomi ya saɓa fartanya ya ce zai je noma, toh ciyawa zai je kashewa a gindin shuka, shikenan. Na farko shi ne firi, in gero ya yi kamar sati 2 zuwa 3 da fitowa, sai maimai, sai huɗa a ba shi ƙasa. Yadda ake yi kuma ba zan tsaya ɓata bakina ba, in har yanzu baka iya raba gero da harƙiya ba ai sai ka koma gida.

Ni kalmar nan ta taɓa cinye min damina guda. Ina da ƙarfina lokacin, wani mai kuɗi ya kira ni jinga, katuwar gonar dawa, ciyawa ta kusa shanye ta, ya ce so nake ka nome min ita, na ce na yarda, muka yi ciniki ya bani rabi, ba shaida ba komai don ina ganin girmansa. Na kwashi ƙannena biyu muka duƙa kwana 6, hannuna har ya yi kanta ya fashe. Na je karɓar ciko sai mutumin nan ya kalli tsabar idona ya ce ai baka gama ba, noma na ce maka, noma kuwa sai amfani ya shigo gida. Ka ji fa! Shi da aka haifa a gidan manoma, ya fi ni sanin abinda muka yi ciniki a kai. Muka je gaban dattawa, kowa ya san gaskiya amma wa zai ja da mai abin hannu, sai cewa suka yi tunda ban ambaci firi da bakina ba in yi haƙuri in ƙara masa maimai da huɗa a raba gardama. Na yi, ina yi ina haɗiyar zuciya, tawa gonar kuma ciyawa ta ci ƙarfinta, geron da na samu shekarar ko rabin rumbu bai kai ba. Har ya rasu ban ƙara taka gonarsa ba, Allah dai ya jiƙansa.

Ku kuma yaran yanzu da maganin feshi ya lalata ku, ku goya famfo awa 2 ku dawo kuna latsa waya wai kun yi noma. Gobe in mai gonar can ya zo maganar jinga ka ce masa firi ne kaɗai, maimai da kuɗinsa daban, kuma ka kira mutum biyu su ji. Ka taho da fartanyar da ka ara jiya, na ga ƙotar ta fara girgiɗi.